Ci 146 a Yini Ɗaya: Tarihin Sayar da Wasan Ƙwallo a Nijeriya da Ƙasar Sin

Wanda ya fita daga birnin Kano ta hanyar Gwarzo da la'asar sakaliya, da zarar ya wuce sabon mazaunin Jami'ar Bayero ya doshi Rimin Gado, ba zai yi nisa ba sai ya hango ƙura ta tashi a filin wata makarantar firamare, ko kuwa a wata gona da aka riga aka kawar da amfaninta. Samari ne ke buga tamaula. Haka abin yake a Kabo da Garo, haka yake a Getso da Kutama da cikin garin Gwarzo. Idan dare ya yi, samarin nan su ne za su cika gidajen kallo, su biya kuɗinsu, su zauna a benci suna gardama a kan ƙungiyoyin Ingila da Sifen, har suna ƙirga sunayen 'yan wasa kamar masu karanta jadawali. To, amma idan aka juyo kan gasar gida, sai murya ta sake. Ƙungiya ta ci wasa, a ce ai a gidanta ta buga; ta sha kashi da yawa, a ce an sayar da wasan. Wannan zato ba haka kawai ya faɗo daga sama ba. Yana da tarihi, kuma tarihin nan ya cancanci ɗalibi da ma'aikacin gwamnati su san shi, domin mafi yawan ƙungiyoyin da ake zargi da kuɗin baitulmali ake tafiyar da su.

Ƙwallon ƙafa ya shigo ƙasar nan ne ta hannun Turawa, ya bi makarantu da barikokin soja da layin dogo ya yaɗu. A shekarar 1945 aka fara gasar cin Kofin Gwamna a Ikko, watau Legas, kuma a 1953 'yan wasan Kano suka ɗauko kofin nan suka kawo shi Arewa. Gasar ƙasa baki ɗaya ta soma a 1972, Mighty Jets ta Jos ce ta fara cinye ta, sa'an nan Raccah Rovers ta Kano ta cinye ta a 1978. A wancan zamani ƙungiyoyi da yawa na kamfanoni ne da ma'aikatu da attajirai. Ɗan wasa ma'aikaci ne, da safe yana ofis ko masana'anta, da yamma yana fili.

Abin da ya sauya wannan tsari shi ne karyewar tattalin arziki a shekarun 1980. Manyan ƙungiyoyin 'yan kasuwa irin su Leventis United da Abiola Babes suka watse, masu su suka janye hannu. Da aka buɗe gasar ƙwararru a 1990, watau gasar da ɗan wasa zai ɗauki ƙwallo sana'a, sai aka tarar kaɗan ne masu aljihun da za su iya ɗaukar nauyin ƙungiya in ba gwamnatocin jihohi ba. A shekarar nan ce aka haɗa ƙungiyoyi uku na Kano, watau WRECA, ta hukumar samar da ruwa da gine-gine, da Golden Stars da Bank of the North, aka fitar da Kano Pillars daga cikinsu. Haka Bauci take da Wikki Tourists, Barno take da El-Kanemi Warriors, Neja take da Niger Tornadoes, Katsina da Filato da Nasarawa kowace da tata. Ita kuma hukumar ƙwallo ta ƙasa, dokar soja mai lamba 101 ta shekarar 1992 ta sa ta ƙarƙashin ikon ma'aikatar wasanni. Ke nan sana'ar da aka ce an mayar ta ƙwararru, gwamnati ce mai ƙungiya, gwamnati ce kuma ke kula da mai shirya gasa.

A nan ne ya kamata a tsaya a yi nazari, domin duk abin da ya biyo baya daga wannan tushe ya tsiro. Ƙungiyar da take rayuwa da kuɗin ƙofa tana tsoron 'yan kallo, don ta san ranar da suka gane ana yaudararsu, ranar za su daina zuwa. Ana iya kwatanta wannan da dambe, wanda mahauta suka saba yi da kaka bayan an gama aikin gona. Ɗan dambe da karin jama'a yake rayuwa da kirarin makaɗa. Ba a ce dambe ba shi da nasa ha'incin ba, amma wanda aka gane ya faɗi da gangan, to, ya rasa kari, ya rasa waƙa, ya rasa mutunci a gari guda. Ƙungiyar gwamnati kuwa ba ta wannan hanya take ci ba. Shugabanta naɗa shi aka yi, kuma wanda ya naɗa shi ba ya zuwa fili sai ranar biki. Abu biyu kaɗai ke isa kunnen gwamna: an ci kofi, ko an faɗo daga babban rukuni. Na farko yana kawo kyautar mota da fili, na biyu yana kawo rushe hukumar gudanarwa. Mutumin da kujerarsa ta rataya a kan wasa ɗaya na ƙarshen kaka, kuma kuɗin da ke hannunsa ba nasa ba ne, ba sai an daɗe ana yi masa huɗuba ba kafin ya nemi wanda zai saya ko ya sayar masa da wasan.

Daɗa ga wata al'ada da aka daɗe ana bi, wadda ƙungiyar da ta karɓi baƙi ita ke ɗaukar nauyin masaukin alƙalan wasa da guzurinsu. Hausawa sun ce bakin da ya ci shi ke godiya. Alƙalin da ya kwana a ɗakin da mai gida ya biya, ya ci tuwon mai gida, kuma ya san bayan an tashi sai ya ratsa ta cikin dubban magoya bayan mai gida kafin ya kai mota, ba lalle ne sai an ba shi toshiyar baki ba kafin usur ɗinsa ya karkata. Shi ya sa aka yi shekaru a gasar Nijeriya cin wasa a waje ya zama abin mamaki. Kano Pillars ta yi wajen shekara 12, daga 2003 zuwa 2015, ba a ci ta a gida ba a gasar ƙasa, sai da Nasarawa United ta zo Kano ta karya wannan tarihi. Adalci ne a faɗa cewa Pillars ta wancan lokaci ƙungiya ce ta gaske: ta ci gasa a 2008 da 2012 da 2013 da 2014, kuma a 2009 ta fitar da Al-Ahly ta Masar ta kai wasan kusa da na ƙarshe a gasar zakarun Afirka, inda babu mai cewa alƙalin gida ne ya taimake ta. Illar ita ce, a gasar da zato ya riga ya cika ta, mai gaskiya ma ba ya samun cikakken yabon da ya cancanta.

Alamomin ɓarnar sun daɗe da bayyana. A 2006 Akwa United tana neman ci da yawa don ta hau babban rukuni, sai ta lallasa Calabar Rovers da ci 13 ba ko ɗaya. A 2009 Zamfara United tana bakin faɗuwa a wasan ƙarshe, sai ta ci Kaduna United 9 ba ko ɗaya. Aka yi surutu, aka kafa kwamitoci, ƙura ta lafa.

Abin da ya faru a Bauci

A farkon watan Yuli na 2013 aka tara ƙananan ƙungiyoyi a Bauci domin wasannin neman hawa rukuni na ƙasa a gasar ƙasa. Ba manyan 'yan wasa ba ne, samari ne irin waɗanda ake gani a filin Kabo ko Gwarzo, masu fatan wata rana a san da su. Da aka zo wasan ƙarshe, ƙungiyoyi biyu suka yi kunnen doki a maki: Plateau United Feeders ta Jos, watau ƙungiyar renon 'yan wasa ta Plateau United, da Police Machine ta Adamawa, mai ɗauke da sunan 'yan sanda. Gurbi ɗaya ne, saboda haka wadda ta fi yawan ci ita za ta hau. Aka haɗa Feeders da Akurba ta Lafiya, aka haɗa Police Machine da Bubayaro ta Gwambe, aka sa wasannin biyu a lokaci guda a filaye dabam-dabam. Hikimar buga wasa a lokaci guda ita ce kada wani ya san abin da ɗaya ya yi. Amma wannan hikima ta zamanin da babu wayar hannu ce.

Da aka tafi hutun rabin lokaci, Feeders tana da ci 7, Police Machine tana da 6. Ko wannan ma ya isa a yi tambaya. Da aka komo sai abin ya zama tsere, kowane fili yana jin labarin ɗaya yana ƙarawa. Aka tashi Feeders ta ci Akurba 79 ba ko ɗaya, Police Machine ta ci Bubayaro 67 ba ko ɗaya, jimla ci 146. Ɗalibin lissafi zai iya auna wannan da kansa. Ci 72 a cikin minti 45 na zagaye na biyu yana nufin ƙwallo tana shiga raga kusan kowace daƙiƙa 38, alhali kuwa bayan kowane ci sai an ɗauko ta daga raga, an kai ta tsakiyar fili, an busa usur, waɗanda aka ci su ne kuma za su fara taɓa ta. Ba yadda za a yi haka ta yiwu sai in waɗanda ake ci su ma suna gudu suna taya masu cin su aiki, alƙali kuma yana kallo yana rubutawa.

Labarin ya zagaya duniya cikin kwana ɗaya, aka yi ta yi wa Nijeriya dariya. Mai ƙungiyar Bubayaro ya rushe ta da kansa da jin sakamakon. Kafin watan ya ƙare hukumar ƙwallo ta ƙasa, wadda Alhaji Aminu Maigari ke shugabanta a lokacin, ta yanke hukunci: an haramta wa 'yan wasan da jami'an ƙungiyoyin da alƙalan wasannin shiga harkar ƙwallo har iyakar rayuwarsu, ƙungiyoyin huɗu kuma an dakatar da su shekara 10.

Hukuncin ya yi tsanani, kuma ba za a ce bai dace ba. Sai dai ya kamata a lura da wanda sandar ta faɗa wa. Yaron da ke tsaron raga a ƙungiyar ƙauye ba shi ne ke ƙulla irin wannan ciniki ba, umurni ake ba shi, kuma wanda ya ba shi umurnin shi ke riƙe da kuɗin motar komawarsa gida. Mutanen Bauci ba su ƙago sabon abu ba. Abin da manya suka yi da ci 9 da ci 13 suka kwana lafiya, shi yara suka yi da ci 79, don ba su san inda ake tsayawa ba. Laifinsu na musamman shi ne rashin iya ɓoyewa.

Ita kanta hukumar da ta yi hukuncin ba a tsaye take da ƙafafunta ba. A ƙarshen watan Yuni na 2010, bayan an fitar da Nijeriya daga gasar cin kofin duniya a Afirka ta Kudu, Shugaba Goodluck Jonathan ya ce ya janye ƙungiyar ƙasa daga wasannin duniya har shekara biyu, sa'an nan ya janye maganar cikin 'yan kwanaki da FIFA ta yi barazana. A watan Nuwamba na shekarar nan FIFA ta dakatar da Amos Adamu, wakilin Nijeriya a majalisar zartaswarta, shekara uku, bayan 'yan jaridar Ingila sun ɗauke shi a ɓoye ana maganar kuɗi a kan ƙuri'arsa. A watan Yuli na 2014, shekara ɗaya tak bayan hukuncin Bauci, wata kotu a Jos ta sauke Maigari da majalisarsa, FIFA ta dakatar da Nijeriya na 'yan kwanaki, daga nan kuma aka shiga rigimar shugabanci tsakanin Amaju Pinnick da Chris Giwa, wadda ta kai har 2018 ana yawo tsakanin kotuna.

Akwai kuma wani nau'in sayar da wasa wanda ba ruwansa da hawa rukuni, watau na 'yan caca. A ranar 1 ga Yuni 2011 Nijeriya ta ci Ajantina 4 da 1 a wasan sada zumunci a Abuja. Alƙalin wasan, Ibrahim Chaibou, mutumin Jamhuriyar Nijar, ya ƙara lokaci fiye da kima, har sai da ya ba Ajantina bugun fenariti a kan laifin da masu kallo ba su gani ba, daidai lokacin da kuɗi masu yawa suka kwarara a kasuwannin caca a kan cewa za a ƙara ci ɗaya. A watan Janairu na 2019 FIFA ta kore shi daga ƙwallo har abada saboda karɓar rashawa. A shekarar nan kuma ta yi wa Samson Siasia, tsohon mai horar da ƙungiyar ƙasa, irin wannan hukunci a kan mu'amalarsa da wani dillalin sayar da wasa ɗan Singafo, ko da yake kotun wasanni ta duniya ta rage shi zuwa shekara biyar a 2021.

Yadda abin ya kasance a Ƙasar Sin

Mai karatu zai iya cewa ai duk wannan talauci ne da raunin hukuma irin na ƙasashen Afirka. Tarihin ƙwallon Ƙasar Sin ya isa ya kawar da wannan zato, domin can akwai kuɗi, akwai kuma hukuma mai ƙarfin da ba a wasa da ita, amma cutar iri ɗaya ce.

Sin ta buɗe gasar ƙwararru a 1994, shekara huɗu bayan Nijeriya. Hukumar ƙwallonta a wancan lokaci reshe ce ta hukumar wasanni ta gwamnati, jami'i ɗaya ne ke shirya gasa, shi ke zaɓen alƙalai, shi ke sauraron ƙara. Ƙungiyoyin kuma na kamfanoni ne masu neman shiri da gwamnatocin larduna. A ƙarshen kakar 2001, a rukuni na biyu, Chengdu tana neman yawan ci don ta hau, sai ta ci Mianyang, maƙwabciyarta a lardin Sichuan, 11 da 2. Mako guda bayan haka Changchun ta ci Zhejiang 6 ba ko ɗaya don ta sha gabanta. Wannan shi ne Baucin Ƙasar Sin, shekara 12 kafin na Nijeriya. Aka hana Changchun hawa, aka saukar da Mianyang, aka ɗaure alƙali ɗaya, Gong Jianping, shekara 10, ya kuwa rasu a 2004 bai gama wa'adinsa ba. Sinawa suka laƙaba wa irin waɗannan alƙalai suna "baƙin usur". Manyan jami'ai ba wanda ya taɓa su, musamman da yake a watan Oktoba na 2001 ɗin ne ƙasar ta sami shiga gasar cin kofin duniya karo na farko, murna ta rufe maganar.

Sai daga 2009 'yan sanda suka shiga lamarin sosai. A 2012 aka ɗaure Nan Yong da Xie Yalong, waɗanda kowannensu ya taɓa riƙe ragamar hukumar, shekara goma da rabi kowane. Lu Jun, alƙalin da ya busa usur a gasar cin kofin duniya ta 2002, ya sami shekara biyar da rabi. A 2013 aka ƙwace kofin 2003 daga hannun Shanghai Shenhua. A nan Sin ta yi abin da Nijeriya ba ta yi ba, watau ta kai sanda kan shugabanni.

Duk da haka ba a warke ba. A 2015 gwamnati ta fito da babban shirin gyara, aka ce an raba hukumar ƙwallo da hukumar wasanni. Kamfanonin gine-gine suka zubo kuɗi, aka sayo 'yan wasa daga Turai da tsada mai ban tsoro, kamar Oscar ɗan Brazil da aka ɗauko daga Chelsea. Amma kuɗin nan ba daga 'yan kallo ya fito ba, na neman fada ne, saboda haka da kasuwar gidaje ta karye sai ƙungiyoyin suka bi ta. Jiangsu ta ci gasa a watan Nuwamba na 2020, ta rufe ƙofa a watan Fabrairu na 2021. Guangzhou, wadda ta ci gasar ƙasar sau takwas da kofin zakarun Asiya sau biyu, an cire ta daga gasar ƙwararru a farkon 2025 saboda bashi. Shi kuwa Chen Xuyuan, wanda aka ɗauko daga shugabancin kamfanin tashar jiragen ruwa ta Shanghai a 2019 don ya gyara hukumar, a watan Maris na 2024 aka yanke masa ɗaurin rai da rai saboda rashawar da ta haura yuwan miliyan 81. Li Tie, tsohon ɗan wasan Everton, ya amsa a talabijin cewa ya sayi wasanni lokacin da yake horar da ƙungiyoyi, ya kuma biya kuɗi kafin a ba shi ƙungiyar ƙasa. Aka ɗaure shi shekara 20 a watan Disamba na 2024. A watan Satumba na shekarar nan an kori mutum 43 daga ƙwallo har abada, bayan binciken da ya shafi wasanni 120 da ƙungiyoyi 41. An ɗaure shugabanni a 2012, bayan shekara 12 aka ɗaure magadansu a kan laifi iri ɗaya, domin an canza mutanen da ke kan kujera, ba a canza wanda kujerar take yi wa biyayya ba.

A Kano, abin da rashin yarda da alƙali ya haifar ya fito fili a 2022. A kakar nan aka rage wa Pillars maki saboda tarzomar magoya baya a wasanta da Katsina United da kuma dukan mataimakin alƙali a wani wasan, ta faɗo daga babban rukuni, sai a 2023 ta komo. Ɗan kallon da ya riga ya ƙudurta cewa an sayar da wasa ba ya jiran kwamiti, da dutse yake ɗaukaka ƙara, kuma ƙungiyarsa ce ke biyan tara daga kuɗin jiha.

Tsarin nan kuwa bai tsaya a filin wasa na Sani Abacha ba, ƙaraminsa yana nan a ƙananan hukumomi. Idan aka sa kofi a Gwarzo ko Kabo ko wata maƙwabciyarsu, sau da yawa mai riƙe da muƙami ne ko mai neman muƙami ya sa shi. Shi ya sayi kofin da riguna, daga aljihunsa ko daga ofishinsa ake sallamar alƙali, kuma akwai ƙungiyar mazaɓarsa a cikin gasar. Ba sai ya ce komai ba. Jami'in wasanni na ƙaramar hukuma, wanda ke rubuta sunayen alƙalai ya kuma kai takardar kuɗinsu a sa hannu, yana zaune ne a kan irin kujerar da Nan Yong ya zauna, sai dai tasa ƙarama ce.

Wa'adin shekara 10 da aka yanke wa ƙungiyoyin Bauci ya cika a 2023. A 2025 Remo Stars ta Ikenne a Jihar Ogun ta ci gasar Nijeriya, abin da ƙungiyar da ba ta gwamnati ba ta daɗe ba ta yi ba. Mai ita, Kunle Soname, shi ne kuma shugaban Bet9ja, ɗaya daga cikin manyan kamfanonin cacar wasanni na ƙasar nan.